LAUYAN MA'AIKATA BA YA SHIGA KOTU HANNU RABBANA

Daga Wakilinmu na Arewa, Ƙofar Dumi, Bauchi

Tun ranar 29 ga watan Yuli na shekarar 2024, sa'ad da Shugaban Ƙasa Bola Tinubu ya sa hannu a kan dokar da ta ɗaga mafi ƙanƙantar albashi zuwa Naira 70,000 a wata, zancen hakkin ma'aikaci bai kwanta ba. A nan Bauchi, in 'yan'uwanmu suka zo ganin gida daga Ikko ko Badun ko Fatakwal, kukan da su ke zuwa da shi kusan iri ɗaya ne. Wani ya shekara goma yana gadin kamfani, rana ɗaya a ce ya tuɓe kaki ya kama gabansa. Wani inji ya cinye masa yatsu, a ba shi kuɗin mota a ce ya tafi gida ya yi jiyya. Ƙarshen maganar kuwa kullum shi ne, talaka ba ya shari'a da mai kuɗi.

A da can wannan magana tana da ƙamshin gaskiya. Amma yau doka ta sauya, akwai kotu ta musamman domin ma'aikata, akwai kuma lauyoyin da ba su da wata sana'a sai tsaya wa wanda aka kora ko aka danne masa albashi. Abin da ya kamata masu karatu su sani shi ne yadda irin wannan lauya ke aikinsa, da abin da zai iya yi musu, da kuma abin da ba zai iya ba sai su da kansu sun taimake shi.

UBANGIDA DA BARA

Dokar ɗaukar aiki da muka gada daga Turawan Ingila tana kallon mai kamfani da ma'aikacinsa tamkar ubangida da baransa. A ƙarƙashinta mai kamfani yana da ikon sallamar mutum da dalili ko ba dalili, muddin ya ba shi notis ko ya biya shi kuɗin kwanakin notis. Kotun Ƙoli ta tabbatar da haka sau da yawa. A shari'ar Chukwumah da kamfanin Shell, cikin 1993, kotun ta yarda cewa ba a bi ƙa'ida wajen sallamar mutumin ba, amma abin da ta ce ya cancanta bai wuce albashin wa'adin notis ba. Alƙalai kan ce ba a tilasta wa ubangida ya riƙe baran da ba ya so.

Ma'aikacin gwamnati ya ɗan fi samun inuwa, domin doka ce ta tsara yadda za a ɗauke shi da yadda za a sallame shi. Cikin 1981 Kotun Ƙoli ta umurci Hukumar Ma'aikatan Tarayya ta mai da Shitta-Bey, wani babban lauyan Ma'aikatar Shari'a, bakin aikinsa. Cikin 1985 ta yi irin wannan hukunci a kan Farfesa Olaniyan da abokansa biyu na Jami'ar Ikko. To, amma soja ba su bar wannan inuwa ta yi faɗi ba. Dattawa ba su manta da kakkaɓar da gwamnatin Janar Murtala ta yi cikin 1975 ba, inda ma'aikata fiye da dubu goma suka rasa aikinsu, waɗansu ma a rediyo suka ji. Cikin 1984 kuma gwamnatin Janar Buhari ta kafa Dokar Soja mai lamba 17, wadda ta hana kotuna sauraron ƙarar ma'aikacin da aka kora a ƙarƙashinta.

A irin wannan yanayi lauyan da ya ɗauki ƙarar ma'aikata yana wasa da wuta ne. Mutanen Bauchi shaida ne, domin a gidan yarin garin nan gwamnatin Janar Abacha ta tsare Cif Gani Fawehinmi na tsawon watanni cikin 1996. Shi kuwa Frank Kokori, sakataren ƙungiyar ma'aikatan man fetur, a Bama ta Jihar Barno aka ajiye shi bayan yajin aikin 1994, bai fito ba sai 1998.

WANE NE ATURU?

In ana neman misalin lauyan da ya mai da shari'ar ma'aikata ita ce babbar sana'arsa, sunan marigayi Bamidele Aturu na cikin na gaba. An haife shi cikin 1964, mutumin Ogbagi ne ta ƙasar Akoko a Jihar Ondo. Ba da karatun lauya ya fara ba, ilmin kimiyya ya karanta a Kwalejin Horon Malamai ta Adeyemi da ke Ondo. A ƙasarmu ta Arewa kuwa sunansa ya fara fitowa. Cikin 1988, bayan ya gama aikin yi wa ƙasa hidima a Jihar Neja, an zaɓe shi cikin waɗanda za a ba lambar yabo, amma ya ƙi miƙa wa gwamnan soja na jihar, Lawan Gwadabe, hannu, don ya nuna ƙin jininsa ga mulkin soja.

Daga nan sai ya koma makaranta, ya karanta lauya a Jami'ar Ife, aka rantsar da shi cikin 1995. Ya zauna a Ikko, ya zama lauyan ƙungiyoyin ƙwadago da dama da kuma ɗaiɗaikun ma'aikata. Cikin 2005 ya wallafa littafi a kan dokokin ƙwadago na Nijeriya, cikin 2013 kuma ya fitar da wani a kan yadda a ke gudanar da shari'a a Kotun Ma'aikata. A watan Maris na wannan shekara ta 2013 ne Mai Shari'a Adamu Bello na Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ya ba shi gaskiya a ƙarar da ya kai gwamnati, ya yanke cewa sakar wa 'yan kasuwa farashin man fetur ya saɓa wa dokokin da ke aiki a lokacin. Dokar man fetur ta 2021 ta sauya wannan al'amari daga baya, amma hukuncin ya nuna irin nacin mutumin. An ba shi kujera a Babban Taron Ƙasa na 2014, ya ce ba ya so. Ya rasu ranar 9 ga watan Yuli na 2014 yana da shekara 49.

Jama'a sun fi tunawa da hannun da ya ƙi miƙawa a Minna. Amma abin da ya amfani ma'aikata shi ne shekaru goma sha tara da ya yi yana bin takardu layi layi, yana neman sashen dokar da aka taka, yana rubuta wa na baya yadda za su yi. Aikin lauyan ma'aikata ke nan, kashi tara cikin goma a kan tebur a ke yinsa kafin a sa baƙar riga.

KOTUN DA TA SAMU HAƘORA

An kafa Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ne da Dokar Soja mai lamba 7 ta 1976, ta fara zama cikin 1978. Shekaru da yawa aikinta bai wuce rigimar ƙungiyoyin ƙwadago da masu kamfanoni ba, ma'aikaci shi kaɗai kuwa sai ya nufi Babbar Kotu. Cikin 2006 Majalisar Tarayya ta yi mata sabuwar doka, amma cikin 2010 Kotun Ƙoli ta ce tun da tsarin mulki bai lissafa ta cikin manyan kotuna ba, ba ta kai matsayinsu ba. Wannan ya sa aka yi wa tsarin mulki gyara na uku, wanda Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a watan Maris na 2011, zamanin da Mai Shari'a Babatunde Adejumo ke shugabancin kotun. Mai Shari'a Benedict Kanyip, ɗan Jihar Kaduna, shi ya gaje shi cikin 2019.

Sashe na 254C na tsarin mulki ya ba wannan kotu ita kaɗai ikon sauraron duk wata ƙara da ta shafi aiki: kora, albashi, fansho, garatuti, haɗari a wurin aiki, nuna bambanci da cin zarafi. Bugu da ƙari ya ba ta ikon duba abin da a ke kira rashin adalci a harkar aiki, da kuma auna shi da kyakkyawar al'adar da ƙasashen duniya ke bi. Ta wannan ƙofa lauyoyi suka shiga. Cikin 2015, a shari'ar Aloysius da bankin Diamond, kotun ta ce ba daidai ba ne a sallami ma'aikaci ba tare da ingantaccen dalili ba, tana mai dogara da yarjejeniya mai lamba 158 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta shekarar 1982. Cikin 2020 Kotun Ɗaukaka Ƙara, a shari'ar kamfanin Sahara Energy da Oyebola, ta amince Kotun Ma'aikata tana da ikon wuce tsohon ma'aunin nan na albashin notis wajen yanke diyya. Har yanzu akwai alƙalan da ke riƙe da tsohon ra'ayi, kuma lauyoyin kamfanoni na dogara da su, amma ubangida ya daina shiga kotu da tabbacin nasara a aljihunsa.

Kotun tana da rassa a Ikko da Badun da Fatakwal da Inugu da Abuja da Kano da Kaduna, akwai kuma reshe a nan Bauchi. Tana da sashen sulhu, inda a ke ƙoƙarin daidaita mutane kafin a kai ga hukunci. Tun 2017 kuma Kotun Ƙoli ta bayyana cewa wanda bai gamsu da hukuncinta ba zai iya zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara, daga nan kuwa magana ta ƙare.

ABIN DA LAUYA ZAI TAMBAYE KA

To, mai karatu, a ce yau an sallame ka, ka tafi ofishin irin wannan lauya. Kafin ya saurari labarin irin wahalar da ka sha, tambaya huɗu zai yi maka. Wa ya ɗauke ka aiki? Yaushe? Nawa a ke biyanka? Ina shaida? Dalili kuwa shi ne a wannan kotu ba a shigar da ƙara da baki. Tun ranar farko lauya zai haɗa takardar ƙara da rubutaccen bayanin shaidu da aka yi rantsuwa a kansa, da kwafen duk takardun da zai dogara da su. Wanda ya je babu ko ɗaya ya tura lauyansa farauta ba kare ba sanda.

Tambayar farko ta fi yadda a ke zato wuya. Yawancin masu gadi da direbobi da leburori a Kurmi yau ba kamfanin da su ke wa aiki ne ya ɗauke su ba, wani ɗan kwangila ne ya kawo su. In rigima ta tashi, kamfani ya ce bai san su ba, ɗan kwangila kuma ya ce kamfani ne ya ce a cire su. Ƙwararren lauya kan haɗa su duka biyu a ƙara, ya nuna wa kotu wanda ke ba da umurni da wanda ke biya, kuma kotun ta sha yanke cewa su biyun duk iyayen gida ne. Amma ba zai iya nuna haka ba sai da katin shaida, ko rajistar shiga da fita, ko saƙon banki mai ɗauke da sunan wanda ya turo kuɗi.

Dokar Ƙwadago, wadda asalinta ta 1974 ce, ta tanadi abubuwa da dama da mutanenmu ba su sani ba. Sashe na 7 ya wajabta wa mai ɗaukar aiki ya ba ma'aikaci rubutacciyar takarda kafin wata uku su wuce, mai bayyana irin aikin da albashi da sa'o'in aiki da hutu da wa'adin notis. Sashe na 11 ya ƙayyade notis: kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata uku ba, mako ɗaya ga wanda ya wuce wata uku amma bai kai shekara biyu ba, mako biyu daga shekara biyu zuwa ƙasa da biyar, wata ɗaya ga wanda ya kai shekara biyar. Wanda ya cika shekara yana da hutun kwana shida na aiki da albashinsa. In kuma rage ma'aikata za a yi, sashe na 20 ya ce a sanar da ƙungiyarsu, kuma na bayan zuwa shi ne na farkon fita, bayan an duba ƙwazo da cancanta. Dokar ta yarda cewa yarjejeniyar aiki tana ƙulluwa ko da baki ne, watau rashin takarda bai kashe hakki ba, sai dai ya sa tabbatar da shi ya yi wuya.

Sa'an nan akwai maganar lokaci. Wanda ya ji rauni a wurin aiki, dokar diyya ta 2010 ta ce ya sanar da ubangidansa cikin kwana 14, shi kuma ya kai rahoto ga hukumar NSITF cikin kwana bakwai, a kuma nemi diyya cikin shekara ɗaya. Ma'aikacin gwamnati kuwa akwai tsohuwar doka mai kare jami'an hukuma, wadda ta ba da wata uku kacal a kai ƙara. Cikin 2019 Kotun Ƙoli ta ce wannan wa'adi bai shafi yarjejeniyar aiki ba, amma ba a daina jayayya a kansa ba, don haka lauya mai hankali ba ya bari wata ukun su cika. Mu kuwa al'adarmu ita ce a tura dattawa, a jira, a sake turawa. Roƙo ba laifi ba ne, amma a riƙa yi ana ƙidaya kwanaki.

INDA GIZO KE SAƘA

Kada a ɗauka cewa da an sami lauya kakar mutum ta yanke saƙa. Malamai 49 na Jami'ar Ilori da aka kora cikin 2001 saboda yajin aiki, lauyansu John Baiyeshea ya ci nasara a Babbar Kotun Tarayya cikin 2005, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta soke cikin 2006, sai cikin 2009 Kotun Ƙoli ta mai da su bakin aiki. Shekara takwas ke nan, kuma waɗansu daga cikinsu sun rasu kafin a kai ga haka. Waɗannan masu digiri ne da ƙungiya mai ƙarfi a bayansu. Ina ga maigadi mai iyali a Agege?

A Kaduna ma an ga wani darasin. Cikin 2017 gwamnatin jihar ta ce malaman firamare 21,780 sun faɗi jarrabawar da ta yi musu. Ƙungiyar malamai ta garzaya Kotun Ma'aikata, kotu ta ba da umurnin a dakata a watan Disamba, amma aka ci gaba da sallamar. Samun hukunci daban, sa mai ƙarfi ya bi shi daban. Ma'aikatan masaƙar Kaduna da aka rufe cikin 2002 sun shafe shekaru suna bin hakkinsu, domin kamfanin da ya durƙushe ba shi da abin biya ko da alƙali ya ce ya biya. Mutanen Bauchi da suka ga tashin kamfanin haɗa motoci da taraktoci na Steyr a ƙarshen shekarun 1970, suka kuma ga mutuwarsa bayan an sayar da shi, sun san wannan labari ba sai an faɗa musu ba.

Ita kanta dokar Naira 70,000 ba kowa ta rufe ba. Ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, haka kuma masu aikin wucin gadi na 'yan sa'o'i, da waɗanda a ke biya da la'ada ko gwargwadon abin da suka yi, da masu aikin gona na kaka. Watau mai gadin gidan mutum ɗaya a Ikeja, da ɗan dako a kasuwar Mil Sha Biyu, da yaron shago a Sabo ta Badun, babu lauyan da zai ƙwato musu wannan adadi da sunan wannan doka. Abin da zai iya ƙwato musu shi ne albashin da aka yi alkawari aka hana, da kuɗin notis, da diyyar rauni. Dokar ta ce za a sake duba albashin bayan shekara uku, watau cikin 2027. Ya kamata wakilanmu a Majalisar Tarayya su ta da maganar wannan iyaka ta mutum 25, domin a ƙarƙashinta mafi yawan 'yan ci-raninmu su ke.

ABIN YI

Na farko, duk wanda aka ɗauka aiki ya nemi takarda, cikin ladabi, tun ana ganin hanjin juna. Neman takarda ba rashin yarda ba ne, doka ce ta ce a bayar. In an hana, ya nemi a riƙa biyansa ta banki, ya kuma adana saƙonnin. Ya ɗauki hoton katin aikinsa da wayarsa ya tura wa wani ɗan'uwa, domin ranar sallama katin a ke fara karɓewa. Kada ya sa hannu ko ya dangwala yatsa a takardar da ba a karanta masa ba, musamman ranar biyan kuɗin sallama, domin sau da yawa a cikinta a ke rubuta cewa ya yafe sauran hakkinsa.

Na biyu, ba kowace rigima ce sai an kai kotu ba. Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya tana da ofis a jihohi, kuma jami'anta kan kira ubangida su zauna da shi. Hukumar Ba Da Agajin Shari'a, wadda aka kafa cikin 1976, tana taimakon marasa ƙarfi a kan diyyar haɗarin aiki. Ƙa'idar aikin lauyoyi kuma ta yarda a yi yarjejeniya cewa sai an ci shari'a lauya zai ɗauki kasonsa, amma a rubuta kason tun farko.

Na uku ya rataya ne a wuyan Sarakunan Hausawa da shugabannin ƙungiyoyinmu na Agege da Idi-Araba da Obalende da Shagamu da sauran zangogi. Yadda a ke tara kuɗin kai gawa gida, haka ya kamata a tara na riƙe lauya ɗaya wanda ya san Kotun Ma'aikata, a kuma buɗe littafi a rubuta sunan kowane yaro da aka kai aiki, da inda aka kai shi, da ranar, da albashin da aka yanka. Shaidar shugaban da ya kai mutum aiki da hannunsa tana da nauyi a gaban alƙali. Mutum ashirin da kamfani ɗaya ya sallama, in suka haɗa ƙararsu, kuɗin ya yi sauƙi, muryar kuma ta fi ƙarfi.

Na huɗu kira ne ga samarinmu da ke karatun lauya a Zariya da Kano da Maiduguri da Misau. Shari'ar zaɓe da ta filaye sun fi maiƙo, ba mai musun haka. Amma a jihohinmu akwai tsofaffin ma'aikata da ke jiran garatuti shekara da shekaru, akwai waɗanda tantancewa ta cire sunansu daga takardar albashi alhali suna raye suna zuwa aiki, a Kurmi kuma akwai dubban 'yan'uwanmu da ke bukatar lauyan da zai saurare su da harshensu. Aturu da kimiyya ya fara, bai sa baƙar riga ba sai da ya haye shekara talatin, amma a shekaru goma sha tara ya bar aikin da har yau a ke amfani da shi.

Kotu tana nan, doka ta ɗan karkato, lauyoyi ma akwai su. Abin da ya rage shi ne ma'aikaci ya riƙe shaidarsa tun ranar da ya kama aiki, domin ba a fafe gora ranar tafiya.